Kujerar Gaba a Motar Kawu Jatau

Wasila ta tarar da kawunta yana barci a kan benci, a gindin dalbejiyar da direbobin Tsafe suke jiran layi a tashar Gusau. Ƙarfe tara na safe ne kawai. Ya jingina da itacen, hularsa ta zame ta rufe masa ido ɗaya, bakinsa a buɗe, jan yawun goro ya gangaro ta gefen gemu ya sauka a wuyan rigarsa. Ƙudaje biyu suna ta kai-komo a leɓensa na ƙasa. Maza huɗu ne tsaye a kansa, babu wanda ya ɗaga hannu ya kori ƙudajen.

Ɗaya daga cikinsu Lukuman ne, ɗan kamashon da ke loda wa motocin Tsafe fasinja, mutum da furfura a gemu, amma ya durƙusa yana saita wayarsa daidai bakin Kawu Jatau. Wani kuma ya lallaɓa ya maƙala masa tsinken ashana a tsakanin haƙora.

"Ku yi shiru," in ji Lukuman cikin raɗa. "Yanzu inji zai mutu."

Minsharin ya yi sama, ya yi sama, sannan ya yanke ɗif. Daga inda ta tsaya a bayan wata mota, Wasila tana ganin ƙirjin kawunta yana ɗagawa yana faɗuwa da ƙarfi, kamar ana jan guga a busasshiyar rijiya. Iska ba ta shiga. Ba tare da ta yi niyya ba ta fara ƙirgawa a zuci. Goma. Goma sha biyar. Leɓensa ya fara yin duhu. Sai da ta kai ashirin da uku sannan ya zabura, ya ja numfashi da wata irin ƙara kamar an fasa buhu, tsinken ashanar ya faɗo a cinyarsa.

"Ya tashi," in ji mai ashanar. "Batir da sauransa." Suka tuntsire da dariya har da tafawa.

Ƙyama ta kama Wasila.

Wata bakwai ke nan tana zaune a gidan kawun nata a Tudun Wada, tun da ta samu koyarwa a wata makarantar 'yan mata, iyayenta kuma suna can Karakkai. A jami'a yadda jikin ɗan Adam yake aiki ta karanta, saboda haka tun makon farko ta gane abin da take ji ta bango idan ya kishingiɗa bayan Azahar. Ta ga sauran alamomin ɗaya bayan ɗaya: ciwon kan da yake tashi da shi kullum da safe, kaurin wuyan da ya sa ba ya iya ɓalle maɓallin sama, gyangyaɗin da ke ɗaukarsa har a zaman tahiya. Matarsa, Inna Uwani, ta sha yin ƙorafin cewa kafin asuba sai ya fita kewaye sau huɗu ko biyar. Amma minsharin kam alfahari take yi da shi. "Na namiji ne," takan ce. "Ɓarawo ya ji wanga daga waje, ai ya san gida da mai shi."

Sau nawa Wasila ta buɗe baki ta rufe. Ita da ko a aji sai ta kalli allo take iya bayani, ta yaya za ta tsaya gaban ƙanin mahaifiyarta ta yi masa zancen maƙogwaronsa? Ta taɓa rubuta komai a takarda, shafi guda cur, sannan ta yayyaga ta zuba a murhu.

Ta gyara hijabinta ta fito daga bayan motar, ta yi sallama. Mazan suka watse kamar ba su ba. Kawu Jatau ya gyara hula, ya share gemu da bayan hannu.

"Idona biyu, ina jin ku," ya ce wa bayansu. Sai ya gan ta, fuskarsa ta washe. "A'a, Malama Wasila. Lafiya a tasha?"

Ta durƙusa ta ce barka za ta je Tsafe, ƙawarta Sa'adiya ta haihu.

"To kin zo daidai, ni ke kan layi. Lukuman, buɗe wa ɗiyata gaba."

Lukuman ya tsaya yana sosa ƙeya. "Direba, ka san yau Tambaya ba ta zo ba, ta tahi Bungudu ta'aziyya. Na so in sa wanga mai gardamar ƙwallo a gaba."

"Ɗiyata mai digiri za ka cusa a baya cikin buhuna? Kuma ba namijin da zai matse ta. Ka sa ƙaton nan a tsakiya."

Lukuman ya buɗe mata ƙofa. Da ta zauna, ya leƙo ta taga ya dube ta sama da ƙasa. "Malama, ba don raini ba. Kina da hira kuwa?"

Ta ɗauka tsokana ce irin ta 'yan tasha. Ta sunkuyar da kai. Ya ja tsaki a hankali ya tafi.

Kafin a tashi, Kawu Jatau ya zaro wata tsohuwar robar lemo daga ƙarƙashin kujerarsa. Gadagi ne a ciki, baƙin ruwan nan da mai shayin tasha ke dafawa da saiwoyi da wasu ƙwayoyin da babu wanda ya san sunansu. Laka ta kwanta a gindin robar, bakinta kuma ya yi kanta da busasshen goro. Wani direba ya zo ya kurɓa ya miƙo, wani ma ya kurɓa, sannan kawun ya kafa kai ya sha rabi, ya yi gyatsa. Warin ya cika gaban motar, ɗaci-ɗaci da tsami. Wasila ta juya fuska waje tana numfashi ta baki.

Mutum goma sha huɗu ne a baya, yawancinsu 'yan kasuwa, don ranar kasuwar Tsafe ce. Da suka wuce shingen sojoji na bakin gari, wani dattijo ya ja addu'a, Allah ya tsare su daga masu tare hanya, kowa ya shafa. Daga nan duk idanu suka koma daji, hagu da dama, ana duban ko wani abu zai motsa a cikin dawa. Wasila kaɗai ce take kallon direba, ita ma ta wutsiyar ido.

Har suka wuce dutsen Kwatarkwashi lafiya lau. Sai hanya ta miƙe, kwalta ta yi sumul, injin ya kama ƙara iri ɗaya. Ta ga ƙiftawar idonsa ta fara tsawo. Ta ga haɓarsa ta saki. Idanun ba su rufe duka ba, sun tsaya rabi, farin ya fi yawa, suna fuskantar hanya amma babu kowa a bayansu. Motar ta fara zamewa hagu a hankali, ta hau layin tsakiya, ta haye. Can gaba tankar mai ce take tahowa.

Wasila ta buɗe baki. Babu abin da ya fito.

Hon ɗin tankar ne ya tashe shi. Ya fizgi sitiyari, motar ta yi tangal-tangal ta dawo hannunta, iskar tankar ta jijjiga su ta wuce. A baya aka ɗauki salati, wata kaza ta yi kuka a cikin kwando.

"Rami na kauce wa," in ji Kawu Jatau, yana gyara zama.

Babu wani rami a wurin.

Sai Wasila ta ji an dunguri kafaɗarta da ƙarfi. Wata dattijuwa ce a kujerar da ke bayanta, Hajiya Zahra'u, mai sarin daddawa, da haƙorin Makka guda ɗaya.

"Ke, wa ya aje ki nan? Tun daga Gusau nake saurare, ko tari ba ki yi ba. Kurma aka ba mu yau?"

"Ban gane ba, Hajiya."

"Kujerag ga ba ta hutu ba ce, ɗiyata. Wanda duk ya zauna nan aikinshi hira. Ki yi mishi magana, ki tambaye shi, ki ja shi da gardama. In kin ga ido ya fara lumshewa ki ɗaga murya. Tambaya har mintsininshi take yi a gwiwa."

"Wace ce Tambaya?"

Wani mai jar hula ya amsa daga baya. "Mai saida kuka da kuɓewa. Ita ke da gaba duk ranar kasuwa. Tun daga tasha za ta ɗauko zancen unguwarsu, wa ya saki wa, wa ya saci akuyar wa, ba ta ajewa sai Tsafe. Ranar da ba kasuwa kuma Lukuman ya san masu baki, shi ke zaɓa."

"Sharri suke mini," in ji Kawu Jatau yana dariya. "Tambaya dai son iska take yi, shi ya sa take zama gaba."

Wasila ta juya ta dubi dattijuwar. "Tun yaushe?"

"Shekara uku ko huɗu."

"Kuma kuke shiga?"

"To mi za mu yi? Jatau ya san hanya, ya san inda ake tarewa da lokacin da ake tarewa, bai taɓa kai mu hannun mutanen daji ba. Ga shi ba ya gudu. Barci kau ai da maganinshi, a yi mishi hira."

Ta faɗi haka ne kamar mai bayanin yadda ake toshe tukunyar da ke yoyo. Wasila ta dubi fuskokin da ke baya ɗaya bayan ɗaya. Dattijon da ya ja addu'a yana jan carbi. Wata mata tana ba jaririnta nono. Babu wanda abin ya zame wa labari. Ashe tasha guda ta sani, 'yan kasuwa sun sani, masu ɗaukarsa a waya da safe su ne masu loda masa mutane bayan rabin awa. Sun ga mutum yana shaƙewa a gabansu kullum, abin da suka iya yi shi ne su samo masa mai surutu. Ita kuma fa, da ta san sunan abin da dalilinsa, ta zuba takardarta a murhu? Ƙyamar da ta ji a gindin dalbejiya ta dawo, wannan karon har da kanta a ciki.

Ta waiwaya. Fatar idon kawunta ta sake yin nauyi.

Ta laluba kanta ko za ta sami abin faɗa. Ba ta san wanda ya saki matarsa ba, ba ta san ƙwallo ba, ba ta san farashin dawa ba. Abu ɗaya ne a duniya da za ta iya yin magana a kansa har Tsafe ba ta tsaya ba.

"Kawu," ta ce, idonta a kan gilashi kamar allon aji. "Ka san abin da ke faruwa a maƙogwaronka in ka yi barci?"

"Mi?"

"In mutum ya yi barci, naman jikinsa duka yakan saki. Har na cikin maƙogwaro. Ga yawancin mutane hanyar iska takan rage a buɗe. Kai taka rufewa take yi, kamar tiyon da aka taka. Minsharin da kake yi ƙarar iska ce tana neman wucewa ta matsattsen wuri. In ya yanke kuma, ba daina minshari ka yi ba, daina numfashi ka yi."

"Yawwa," in ji Hajiya Zahra'u. "Haka ake yi. Ci gaba."

"Ɗazu a tasha na ƙirga. Sakan ashirin da uku ba ka ja iska ba. Jini yana rasa iska, sai ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe ka don ka numfasa. Tashin na ɗan lokaci ne, ba za ka tuna ba. Ka koma, ya sake rufewa, ta sake tashe ka. Mai irin wannan yakan yi haka sau ɗari ko fiye kafin gari ya waye."

"Ni da nake barci kamar gawa? Tambayi innarki."

"Kwanciya kake yi, Kawu. Barci hawa-hawa ne. Akwai na sama-sama, akwai mai zurfi wanda jiki ke gyara kansa a ciki, akwai wanda ake mafarki. Kai kafin ka kai mai zurfin an tashe ka. Shekara nawa rabonka da ka tashi da safe ka ji ka huta?"

Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ai shi ya sa," in ji mai jar hula. "Direba, ashe tiyonka aka taka."

Motar ta ɗauki dariya. Wasila ta ji kunnuwanta sun yi zafi, amma ta ga idon kawunta a buɗe tar, sai ta ci gaba. Ta faɗi ciwon kan safe, ta faɗi hawan jini da abin da yake iya jawowa ga zuciya. Ta ce fitar da yake yi kewaye sau biyar ma daga nan take, nan aka sake dariya, wata ta ce ashe har wannan ɗiya ta sani. Ta ce ƙwaƙwalwar da aka hana wa barci ba ta neman izini, takan ɗauke na sakan biyu ko uku ido a buɗe, mutum bai san ya tafi ba.

"A gudun da muke yi yanzu, sakan uku ya ishi mota ta ci fiye da rabin filin ƙwallo babu direba. Ba rami ka kauce wa ba, Kawu. Ba ka nan."

"Wasila, ya isa," in ji Kawu Jatau.

"Wannan robar kuma ba ta buɗe maƙogwaro. Zuciya kawai take bugawa ta ƙara mata wahala. Amma abin yana da magani. Likita zai auna barcinka. Akwai na'urar da ke hura iska ta hanci ta riƙe hanyar a buɗe, akwai rage ƙiba, akwai kwanciya ta gefe. Masu yi suna warkewa su koma aikinsu."

"Na ce ya isa."

Ba ta bari ya isa ba, don ta ga fushin yana riƙe shi fiye da gadagi. Ta koma farko ta sake ɗaukowa, har rumfunan kasuwar Tsafe suka bayyana.

Da ya kashe mota a tasha, bai dube ta ba. "Kin tuɓe ni a kasuwa," ya ce a hankali, ya buɗe ƙofa ya fita.

Fasinjoji kuwa sai sa mata albarka suke yi. Hajiya Zahra'u ta riƙo hannunta tana girgizawa. "Wagga ta hi Tambaya. Kun ga ko ƙiftawa bai yi ba? Wallahi da an samu irinki tun da, da hankalinmu ya kwanta." Mai jar hula ya ce shi wurin tiyon ne ya fi ba shi dariya, in za ta sake ta fara daga nan. Babu wanda ya tambaye ta ko gaskiya ne. Sun ji duk abin da ta faɗa kamar yadda suke jin zancen akuyar da aka sace.

A gidan Sa'adiya ta ɗauki jaririya, ta yi addu'a, aka kawo mata kunun kanwa da nama, ta kasa kaiwa baki. Warin robar nan yana hancinta. Ƙawarta ta tambaye ta ko ba ta da lafiya, ta ce hanya ce.

Kafin La'asar ta koma tasha, don babu mai son yamma ta yi masa a wannan hanyar. Motar kawunta ce ake lodawa, kuma rabin mutanen ciki na safe ne, sun gama cin kasuwa. Shi kuma yana can a kan wani benci, kai ya langaɓe, baki a buɗe. Hajiya Zahra'u ta hango ta ta ɗaga hannu.

"Ga ta nan. Taho, ɗiyata, mun kama miki wurinki." Ta ɗauke ƙullin daddawar da ta aje a kujerar gaba. "Na gaya ma kamasho, daga yau in kina nan ba a ba kowa."

Wasila ta tsaya tana kallon kujerar. Fatar ta tsage, soso ya leƙo, ya yi baƙi da gumin duk waɗanda suka zauna suka yi surutu shekara huɗu. Ta shiga ta zauna. Aka taso Kawu Jatau, ya wanke fuska da ruwan leda, ya shigo, ya shanye sauran robar har lakar. Ya sa makulli.

"Hajiya," in ji Wasila, ba ta juya ba. "Zan zauna a nan. Amma ba zan yi magana ba."

"Kamar yaya?"

"Daga nan har Gusau ko kalma ɗaya ba zan ce ba. Ba zan mintsini kowa ba."

Sai mai jar hula ya yi 'yar dariya. "Wasa take yi."

"Ku da kuka zo da ni da safe kun san zan iya."

Matar da ke da jariri ta fara tattara zanenta. Dattijo mai carbi ya ce subhanallahi, yarinya, rayuka ne fa. Wasila ta ce ta sani, shi ya sa. Aka kira kamashon Tsafe, ya zo ya ce ta yi haƙuri ta koma baya, ga wani mai saida maganin gargajiya nan, bakinsa ba ya rufuwa, shi zai zauna. Ta ce kawunta ne ya ba ta wurin, shi kaɗai zai tashe ta.

"Jatau, yi wa ɗiyarka magana mana," in ji Hajiya Zahra'u. "Rana na tahiya."

Ya juyo ya dube ta, karo na farko tun safe. Idanunsa ja, ƙasansu ya kumbura.

"In ka ce in sauka zan sauka, Kawu," ta ce. "Amma ka faɗi dalili da bakinka kowa ya ji. Ka ce ba za ka iya kai motar nan Gusau ba sai da mai tashe ka."

Shekara huɗu yana cewa Tambaya son iska take yi. Shekara huɗu yana kauce wa ramukan da babu su. Ya dubi madubi, ya ga fuskoki goma sha huɗu suna jiran ya faɗi abin da duk suka sani don a tashi mota. Ya buɗe baki kamar zai yi dariya, dariyar ba ta zo ba. Ya daɗe yana kallon makullin.

Sannan ya zare shi, ya leƙa ta taga. "Ina Bello? Ba motarshi na wurin bakanike ba? Ku ce ya zo ya kai mini wagga Gusau. Kaina ke ciwo."

Bello, wani direba siriri mai gilashi, ya zo yana goge hannu ya karɓi makulli. Kawu Jatau ya zagaya ya shiga baya, aka matsa masa tsakanin mai jar hula da buhun gero. Hajiya Zahra'u tana ta mita, wai Bello gudu gare shi kuma bai san hanya kamar Jatau ba, wai karatun boko ba abin da yake koya wa yara sai taurin kai.

Ba su gama fita daga Tsafe ba minshari ya tashi. Kansa ya faɗa a kafaɗar mai jar hula, yawu ya fara jiƙa masa riga. Mutumin ya yamutsa fuska, ya zaro waya yana murmushi. Wasila ta juya ta kafa masa ido. Ya yi kamar lokaci yake dubawa, ya mayar aljihu.

Minsharin ya yi sama, sannan ya yanke.

Da safe a irin wannan wurin aka yi dariya. Yanzu da yake a cikinsu yake, jikinsa a jikinsu, suna jin yadda ƙirjin yake fizga babu iska, babu wanda ya motsa. Carbin dattijo ya tsaya. Wasila ta ji wata murya ƙasa-ƙasa a bayanta, Hajiya Zahra'u ce: sha takwas, sha tara, ashirin. Da ya ja numfashin da ƙarar nan tasa, matar da ke da jariri ta sauke nata numfashin tare da shi.

"Haka yake yi kullum?" in ji mai jar hula.

Wasila ta riga ta ce ba za ta yi magana ba. Ta juya ta fuskanci hanya.

A gida Inna Uwani ta ji labari kafin su iso, ta hana Wasila ko gaisuwa. Ta ce an ɗauko yarinya daga ƙauye an ba ta ɗaki, ta je ta kunyata mai gida a garin mutane, yanzu in tasha ta ɗauka cewa Jatau ba ya iya tuƙi sai ta faɗa musu abin da za su ci. Wasila kuwa ba ta ma san ko akwai na'urar da ta yi ta faɗa a duk faɗin Gusau ba, ko sai an tura su wani gari mai nisa. Ta shiga ɗaki ta haɗa kayanta a jaka, ko da za a ce ta koma Karakkai.

Washegari tana shirin makaranta, innar ta ɗaga labule ba sallama. Fuskarta a ɗaure take har yanzu.

"Makullin na wurin Bello," ta ce. "Kawunki na zaure, ya sa rigarshi ta Juma'a, ya ce in nemo mishi katin asibiti. Ya ce ki hito ki raka shi, ke kika san abin da za a gaya ma likita." Ta saki labulen, sannan ta sake ɗagawa. "Ya ce amma a hanya kar ki yi mishi magana."